Sau Uku Aka Buga Mini a Bodinga

A gidanmu da cokali ake gyara karatu. Babana yana da wani kofin silba da yake shan shayi a ciki, kuma in ya shanye ba ya bari a ɗauke kofin. Bayan sallar asuba zai zauna a zaure ya miƙe ƙafa, ni ina gabansa ina jan haddata. In ina tafiya daidai ba ya cewa uffan, ko kai ba ya gyaɗawa. Da na kuskure sai ya ɗaga cokalin ya ƙwanƙwasa kofin sau ɗaya. Ba zai faɗa mini inda na kuskure ba, ni zan koma farkon ayar in sake ɗaukowa. In na sake faɗawa ramin ya ƙara bugawa, in ƙara ja da baya. A na uku sai in yi shiru in naɗe hannuwa, shi kuma ya buɗa mini kalmar, ya bi ni da wani kallo da na fi tsana a kan bulala. In kuwa na gyara, ladana kalma ɗaya ce. Zai ce, "Wuce."

Ba shi ya ƙirƙiro wannan tsari ba. Haka ake yi a musabaƙar karatun Alƙur'ani, sai dai can 'yar ƙararrawa ce a kan teburin alƙalai maimakon kofi. Tun ina ƙarami yake ɗora ni a bayan mashin ya kai ni Shagari in shiga, na ci wani lokaci, na sha ƙasa wani lokaci. Abin ya shiga jikina har ya wuce misali. Ko mai keke ne ya kaɗa ƙararrawa a bayana ina cikin magana, sai na ji harshena ya tsaya yana neman inda ya yi tuntuɓe.

A shekarar da nake aji uku na ƙaramar sakandare, a wata makaranta kusa da Dandin Mahe, maganar da ke gidanmu ɗaya ce: in na gama, zan wuce babbar sakandare a Bodinga ko zan tsaya lambu. Ƙanen innata tela ne a kasuwar Bodinga, ya ce akwai ɗaki a bayan shagonsa, in zo in zauna. Baba kuwa albasa yake nomawa a fadama, kuma tun da yayana ya tafi cirani kudu ya lafe a can, hannu ya yi masa ƙaranci. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuma ina son tafiyar nan kamar in yi hauka. Ba don na tsani albasa ba, ko da yake ban taɓa ƙaunar tsugunnon dashe ba. So nake in ga ƙarshen abin da aka fara koya mini.

In Inna ta taso da zancen, amsarsa ba ta canzawa. Yakan ce, "Ni ban ƙi boko ba. Amma ban taɓa jin an gyara shi ba. Kullum shi zaka mani da takarda an yi mata jan biro. Wa yaj ji karatun? Gaban wa anka yi shi?"

Ana cikin haka malaminmu na Turanci ya shigo aji da labarin gasa. Wani siriri ne mutumin Shagari, mai yawan gyara wuyan riga. Ya ce za a tara makarantun Bodinga da Shagari, a ba kowane ɗalibi takardar da bai taɓa gani ba, ya karanta da ƙarfi a gaban alƙalai. Ya zaɓe ni, ba don na fi kowa Turanci ba. Ya ce ina da murya, kuma na saba tsayawa gaban alƙalai ban jiƙa wando ba.

Shirin da muka yi shi ma abin dariya ne. Makarantarmu ba ta da littattafan da ban riga na haddace ba, don haka Malam ya ƙulla abota da wani mai tsire, yana karɓo tsofaffin jaridun da ake naɗe nama. Bayan an tashi sai ya miƙo mini guda, duk mai ya ɓata ta, ya ce in fara. Yau in karanta rikicin wata jam'iyya, gobe tallan maganin sauro, jibi ta'aziyyar wani attajiri da ban san ƙasarsu ba. Sau da yawa ina tsakiyar magana sai in iske an yage sauran an ba wani da tsirensa. Malam yana riƙe da wayarsa yana duba lokaci, in ya ga ya isa ya ce, "Ya isa." Ya koya mini kada in cinye ƙarshen kalma, in numfasa a wurin aya, in riƙa ɗaga kai ina duban alƙalai. Komai ya faɗa mini, ban da abu ɗaya.

Ni abin da ya ɗaure mini kai tun farko shi ne yadda za a ce mutum ya karanta abin da ba a biya masa ba. A wurinmu malam ne ke fara karantawa, kai ka bi bakinsa, sannan a bar ka da allonka. Da na gaya wa Baba yadda gasar take, sai ya ajiye igiyar da yake tufka ya dube ni.

Ya ce, "Ƙaƙa? Ba a biya ma ba, kuma ka tashi gaban mutane ka karanta? To in ka kuskure, alhakin wa na?"

Na ce, "Akwai alƙalai, Baba."

"Alƙalai na gaske? Zaune, suna saurare?"

"Haka Malam yac ce."

Ya koma kan igiyarsa. Can ya ce, "To ni ka kai ka. In gani da idona in karatu na. Daga nan mu san inda za ka." Nan na gane Bodinga da lambu duka sun koma kan takarda guda da ban ma san abin da ke cikinta ba.

Ranar gasar ya sa rigarsa ta Juma'a, ya fesa turare, amma duk da haka ina bayansa a kan mashin ƙanshin albasa nake ji. Kafin mu isa Bodinga tayar baya ta sace. Muka tura mashin zuwa wurin mai faci, mutumin da ban taɓa ganin mai sanyin jiki irinsa ba, yana aiki yana ba Baba labarin farashin taki. Da muka isa makarantar da ake taron, an riga an buɗe da addu'a, an karanta ƙa'idoji, an gama. Malam ya taro mu a bakin ƙofa yana zufa. Ya gai da Baba a gurguje, ya nuna masa kujera a babban ɗakin taro, ni kuma ya ja hannuna zuwa wani aji da ke gefe.

A ajin nan aka tsare mu masu karatu, saboda takarda ɗaya za a ba kowa, ba a so wani ya ji ta kafin a kira shi. Wani malami yana tsaye a ƙofa yana kira ɗaya bayan ɗaya. Na zauna kusa da wani yaron Bodinga mai takalmi sau ciki, na tambaye shi me aka ce a ƙa'idojin. Ya dube ni daga sama zuwa ƙasa ya ce, "Karatu za ka yi." Na gode masa a baki, a zuci kuwa na yi masa abin da ya dace da shi. A gabanmu akwai wata yarinya daga wajen Dingyadi, tana ta tauna bakin hijabinta.

Daga inda muke ba a jin kalmomi, sai gunjin lasifika kawai. Na farko ya fara, muryarsa na hawa tana sauka. Can sai na ji ƙilin. Ƙararrawa ce, irin ta musabaƙa sak. Na kasa kunne in ji ya koma baya, sai na ji ya ƙara wuta, yana gudu kamar an biyo shi. Aka sake bugawa, ya yi shiru, aka tafa masa.

Na biyu ma haka. Na uku ma haka. Kowa sai an buga masa, kuma ba wanda ke komawa. Na rasa yadda zan fassara abin. Ko dai yaran nan kurame ne, ko ba su da kunya, ko alƙalan nan ba su da imani. Sannan na lura da wani abu da ya ƙara tsinka mini zuciya: kusan a wuri ɗaya ake buga wa kowa. Mutum zai yi nisa lafiya lau, sai ya kai wani waje, ƙilin. Na ce a raina lallai akwai rami a takardar nan, an haƙa shi an rufe da ciyawa, kuma duk wanda ya zo sai ya zurma. Na ƙudurta ni in na zurma zan fito ta hanyar da aka koya mini, tunda Baba yana zaune.

Aka kira yarinyar Dingyadi, ta tofar da hijabinta ta fita. Muryarta ta fito tar, ba gargada. Ita ma aka buga mata, ta wuce abinta. Daga ita sai ni.

Ɗakin ya cika fiye da yadda na zata. Alƙalai uku ne a dogon tebur. Ta tsakiya wata mata ce mai tabarau, ita ta miƙo mini takardar a kife. Na ƙarshen teburin wani mai ƙiba ne, ga ƙararrawa a gabansa, ga waya a hannunsa yana kallo. Na ɗauka karatun yake bi a cikin wayar. Na hango Baba a layi na biyu, ya zauna a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa, fuskar nan tasa ta zaure. Matar ta yi mini alama, na juya takardar.

Labarin wani tsuntsu ne. Na fara, kuma wallahi na fara da kyau. Kalmomin ba su gagare ni ba, na san yawancinsu ɗaya-ɗaya. Abin da suke haɗuwa su faɗa ne ya ƙi zama a kaina. Wai tsuntsu ne amma ba ya tashi. Tsaye yake tafiya kamar mutum. Yana zaune a wata ƙasa da babu itace ko ɗaya, babu ciyawa, sai ƙanƙara iya ganinka, kuma cikin ruwa yake nutso ya kamo abincinsa. Bakina yana karantawa, zuciyata tana cewa kai, anya abin da aka rubuta ke nan? Ni da na san tsuntsaye tun daga buwa har zalɓe, ina kore su daga gero tun ban iya ɗaura wando ba, ban taɓa jin mai wannan hali ba. Amma ban tsaya ba. Ina numfasawa a wurin aya, ina ɗaga kai ina duban alƙalai, har na ga mai tabarau ta gyaɗa kai.

Sai na iso wani wuri da aka ce macen takan yi ƙwai guda ɗaya tak, ta bar wa namijin ta tafi teku, shi kuma ya ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa ya rufe da fatar cikinsa, ya tsaya cikin sanyi ba ci ba sha. Ina kai ƙarshen wannan jimla na ji ƙilin.

Na tsaya cak. Har wani sanyi na ji, don na ga ramin da idona. Na ce ai dole, na juya zancen ne, na ba namiji aikin mace. Na koma farkon jimlar na ɗauko ta a hankali, ina bin kowace kalma da yatsa. Takarda ta nace namiji ne. Na ɗaga kai na dubi mai ƙararrawa, shi ma ya dube ni, ya yi mini wani abu da hannu kamar mai korar kaji. Ban gane ba. Na ɗauka cewa yake in sake. Na sake, wannan karon ina jan kowane harafi kamar mai tajwidi, ina canza inda nake dannawa ko a dace.

Ƙilin.

Bugu na biyu, ka ƙara ja da baya ke nan. Na haura sama na kamo daga inda macen ta fara yin ƙwai. A ɗakin aka fara ƙus-ƙus. Na hango Malam a jikin bango yana yi mini alama da hannu biyu, yana yanka wuyansa da yatsa. Na ce shi ke nan, kuskuren ma babba ne. Na bi layin nan kalma-kalma, ina neman wadda ta ci amanata, kowace kuwa tana zaune lafiya a wurinta. Na sake isowa kan ƙafafun tsuntsun nan da ƙwansa.

Sai mai ƙiba ya kama ƙararrawa ya yi ta dukanta ba ƙaƙƙautawa.

Na uku ke nan. Na yi abin da na sani. Na sauke takardar, na naɗe hannuwana a ƙirji, na sunkuyar da kai ina jira a buɗa mini. Ba wanda ya ce komai. Da na ga ba su da niyya, sai na matsa kusa da abin magana na ce, "Ranka shi daɗe, a buɗa mani."

Lasifikar ta kai maganar har bayan ɗaki. Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba, har da masu buga tebur. Mai tabarau ta cire tabaran tana share ido, ta miƙo hannu ta karɓe takardar, ta ce mini da Turanci ta gode, in sauka. Na tsaya ina kallonta. Ta gode da me? Ba a faɗa mini kuskurena ba, ba a ce in wuce ba, ba a ce na faɗi ba. Na sauko ban san ko an kore ni ne ko an sallame ni ba. A duk ɗakin mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, kuma shi na fi tsoron dubawa.

A waje, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, Malam ya same mu. Ya rasa ta inda zai fara, sai gyara wuyan riga yake. Ya rusuna wa Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, laihina na. Ƙararrawar ga ta lokaci ta. Ta hwarko tana cewa lokaci ya kusa, ta biyu tana cewa a tsaya. Yaron ga bai yi kuskure ko guda ba. Da ya wuce, da wata magana a kai yanzu."

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Haushin Malam ya kama ni, da na mai faci, da na yaron nan mai takalmi, da na tsuntsun kansa.

Baba ya ce, "Lokaci?"

"Lokaci, Allah gafarta Malam."

"Malam, ina nan zaune tun na hwarko. Kowane yaro wuri guda anka buga mashi. In lokaci na, mi as sa shi ka cika wuri guda?"

"Ai don tsawon takardar guda na, kuma saurinsu ya yi kusa da juna."

"To shi wanga da yak koma baya, mi as sa anka sake buga mashi daidai wurin?"

Malam ya ce dacewa ce kawai. Baba ya yi murmushin da yake yi wa mai sayen albasa in ya taya da rainin hankali. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin alƙalin da zai buga wa yaro ƙararrawa yana cikin karatu daidai ba, kuma in akwai shi, to ba alƙali ba ne. Ni ina tsaye a tsakaninsu, na dubi wannan na dubi wancan. Maganar Malam ta shiga kaina sarai. Amma da Baba ya yi tasa tambayar sai na ji ita ma ta zauna.

Muka koma ciki aka sanar da sakamako. Yarinyar Dingyadi ce ta zo ta ɗaya, aka ba ta ƙamus da agogon bango. Ni ko a ƙarshen jeri ban ji an ambace ni ba. Baba ya sunkuyo ya ce mini a kunne, "An buga mata ba ta ko waiwaya ba, kuma anka ba ta agogo." Ya girgiza kai.

A hanyar komawa ko shagon Kawu ba mu biya ba, alhali da safe ya ce za mu biya. Da muka kusa gida kuma bai shiga gari ba, ya karya kan mashin ya gangara fadama. Ya tuɓe rigar Juma'a ya rataye a reshe, ya ta da injin ban ruwa, ya miƙo mini fartanya. Na naɗe wandon makaranta na shiga ina buɗe wa fangali ruwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina amsar ke nan, ba sai an faɗa da baki ba. Ina aiki hawaye na zuba, ina jin haushin kaina da nake kuka a gabansa.

Sai da rana ta yi sanyi ya kashe injin. Ya wanke ƙafafunsa a bakin rijiya, bai dube ni ba ya ce, "Kawunka ya ce ɗakin na nan?"

Na ce yana nan.

"In ka gama, Bodinga za ka. Ba don ka iya ba. Ɗana ba shi barin karatu da bugu uku bisa kainai. Inda anka buga ma, nan za ka koma, sai ka gano abin da kak kuskure." Ya ƙara da cewa, "Cikinsu duka kai kaɗai kat tsaya da anka buga. Wannan na gani."

Mai hankali da godiya zai yi ya rufe bakinsa. Ni sai na ce, "Baba, ban kuskure ba hwa. Malam ya ce lokaci na."

Ya ce, "Malaminka yaro na."

Na ci gaba da gardama har gida, ina rantsuwa, ina kawo hujja. Ban ga abin da nake yi ba sai da Inna ta ja ni ɗaki ta murɗe mini kunne. Ta ce, "Kai wane irin wawa na? An buɗe ma ƙohwa kana jayayya da wanda yab buɗe ta?" Na bar gardamar, amma ban yarda ba. Na yi murna a ranar, murna mai yawa, kuma na kwana da takaicin an ba ni abin da nake so a kan laifin da ban yi ba.

Na tafi Bodinga. A shekarar Baba ya rage lambunsa kusan rabi, don ba zai iya shi kaɗai ba, kuma bai taɓa ambata mini hakan ba, a bakin Inna na ji. Duk hutun da na dawo, bayan gaisuwa, tambayarsa ta farko ita ce, "An gano?" In ce ba a gano ba. Ya ce, "To a ci gaba da nema."

Tun ina amsawa da fushi har na fara neman da gaske. Jimlar nan ta zauna a kaina daram saboda maimaicin da na yi mata a gaban jama'a. Na karanta wa malamin Turancinmu na Bodinga, ya ce ba ta da aibu. Na karanta wa wani, ya ce in danna wata kalma a farko maimakon ƙarshe. Na kai wa na uku gyaran, ya ce wa ya koya mini wannan shirme, in mayar yadda take. Wata rana a shagon Kawu wani mai kawo ɗinki ya nemo mini tsuntsun a wayarsa. Ga shi nan kuwa tsaye cikin ƙanƙara, baƙi da fari, da ƙwai a kan ƙafa, kuma namijin ne. Da na samu tawa wayar na kai wa Baba ya gani. Ya kalla har ƙarshe, ya sa na maimaita masa, ya yi tasbihi. Sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "To tsuntsu ya tabbata. Saura kuskurenka."

Na gama sakandare, na wuce Sakkwato na yi karatun koyarwa. Yau ni ma Turanci nake koyarwa, kuma an sha ba ni ƙararrawa in riƙe a irin wannan gasa. Kafin a fara nakan shiga ajin da aka tsare yara in gaya musu da Hausa abin da bugun yake nufi, in sake faɗa, in tambayi wanda ya makara. Duk da haka in na ɗaga hannu zan buga wa yaron da ke karatu daidai, sai na ji kamar zan yi masa ƙazafi. Na san lokaci ne. Na fi kowa sani, agogon a hannuna yake. Amma wani ɓangare na zuciyata har yanzu yana gefen Baba.

Da na karɓo takardar kammala karatun koyarwa na kawo masa gida. Ya tsufa a lokacin, lambun ma yayana da ya dawo ne ke yi. Da safe na same shi a zaure ya gama shan shayi. Ya juya takardar gaba da baya, ya ajiye a gefen tabarma. Ya ce, "An gano?"

Na ce, "Baba, na nema. Na tambayi duk wanda ya hi ni sani. Ban gano ba."

Ya jawo kofin gabansa, ya ɗauki cokalin. Ya ce, "Karanta in ji."

Baba bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba. Na so in yi dariya, sai na ga ba wasa a fuskarsa. Na gyara zama na naɗe ƙafa kamar yadda na saba. Ga ni da gemuna, malamin makaranta, amma ƙirjina yana bugawa kamar ranar Bodinga. Na ɗauko da ka, daga inda macen ta yi ƙwai. Cokalin yana sama da bakin kofi, idona yana kansa. Ta bar wa namijin, ta tafi teku. Ya ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa, ya rufe, ya tsaya cikin sanyi ba ci ba sha. Na kai aya na tsaya.

Cokalin bai sauka ba.

Ya ce, "Wuce."

Wani daɗi ya kama ni, irin wanda ban ji ba ranar da aka ba ni takardar da ke gefen tabarma. Na buɗe baki in wuce, sai na tarar babu komai a gaba. A nan aka karɓe takardar daga hannuna, ban taɓa ganin layin da ke biye ba. Na zauna baki buɗe, idona ya cika da ƙwalla. Shi kuwa yana riƙe da cokalinsa, yana jira.